Muryar Yaya

Yayana ɗan kamasho ne a tashar motar garinmu Zuru, layin Dirin Daji da Sakaba. Wanda bai san aikin ba sai ya ce zaman kashe wando ne, ƙato ya tsaya jikin motar wani yana ihu. To, da wannan ihun ya ciyar da mata da 'ya'ya, da shi kuma ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau. Allah bai ba shi gona mai yawa ba, bai ba shi kan karatu ba, murya ya ba shi. Idan ya buɗe baki ya ce saura mutum biyu mota ta tashi, matar da ke cinikin manja a can ƙarshen kasuwa sai ta ɗaure bakin ledarta ta taho da gudu, ko da kuwa ita ce ta farko da za ta shiga motar. Ni ce auta a gidanmu. Shagona yana unguwar Rikoto, kuma na saba da baƙi su tambaye ni ko ni ce ƙanwar mai muryar nan ta tasha.

Shekarar da kuɗin fetur ya tashi ya ƙi saukowa, ita ce ta fara taɓa shi. Kuɗin mota ya hau, ga hanyar tasu ta lalace da 'yan fashin daji, sai mutane suka rage tafiya in ba ta zama dole ba. Motar da a da take cika kafin rana ta yi zafi sai ta kai la'asar tana jiran mutum ɗaya. Shi kuwa ɗan kamasho ba ya ganin ko sisi sai mota ta cika ta tashi. Saboda haka ihu ya ƙaru, abinci ya ragu. Yaya ya fara barin karin kumallo don yara su samu, daga baya ya bar na rana ma. Goro da sigari suka zama abincinsa a tasha, cikin hayaƙin motoci. In ya koma gida da yamma sai ya haɗa yunwar yini guda ya sauke ta a kan tuwon dawa, miyar ba nama ba mai, sai barkono da ake zubawa don ta yi ɗanɗano. Yana wanke hannu sai ya kwanta.

Da fari gyaran murya ya riƙa yi, magana kaɗan sai ya yi kakari. Sannan ya fara cewa akwai abin da ya tsaya masa a maƙogwaro, kamar ƙwayar gurjiya, ba ya haɗiyuwa ba ya fitowa. Da safe bakinsa ɗaci, ƙirjinsa ƙwannafi, hancinsa a toshe, kunnensa na hagu yana suka in ya haɗiyi yawu. Wani ɗan Ibo mai kemis kusa da tasha ya haɗa masa ƙwayoyi masu launi-launi da alawar maƙogwaro. Ya sha, muryar ta ci gaba da dushewa. Da safe takan fita da ɗan ƙarfinta, amma rana na yin tsaka sai ta zama kamar ana jan buhu a ƙasa.

Mu a wurinmu, idan lafiyayyen mutum ya ce wani abu ya tsaya masa a wuya, ba a tambayar me ya ci. Tambayar ita ce wa ya ba shi.

Ni kuwa ban sha wahalar neman wanda zan zarga ba. Akwai wani mutum da ya zo tashar a wannan shekara, Bahaushe ne daga wani ƙauye can bayan Dirin Daji, 'yan fashi suka tashe su ya shigo gari da iyalinsa. Yaya da kansa ya ja shi jiki, ya roƙa masa wurin ɗaura kaya a saman mota. Dogo ne siriri mai yawan sunkuyar da kai, irin mutanen da in ka gaishe su sai sun yi maka godiya. Tun ganin farko hankalina bai kwanta da shi ba, don ni mai yawan ladabi yana sa ni duba jakata. Da muryar Yaya ta fara gazawa da rana, wannan mutumin ne yake karɓar kiran fasinja, da wata 'yar muryarsa kamar ta ɗan akuya.

Wata safiya na je tasha zan aika wa wata mai ɗinki kayanta zuwa Mahuta. Ina tsaye sai ga mutumin ya zo da wani tsohon filas, ya tsiyaya abu mai tururi a kofi ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Na ji ƙamshin citta da kanumfari. Yaya ya karɓa ya shanye, ya ce mini har da zuma a ciki, kullum safiya bawan Allah nan sai ya kawo masa. Ni ba ƙamshin na tsaya ji ba. Abin da na gani shi ne mutumin bai sa bakinsa a kofin ba.

Mu Dakarkari, duk wanda ya miƙa maka abin sha, kunu ne ko burkutu ko ruwan randa, shi zai fara kurɓa a gabanka sannan ya ba ka. Ba zargi ba ne, ba kuma wanda yake jin haushi, haka muka taso muka ga ana yi. Ni ko surukata na ba ruwa sai na sa baki tukuna. To ga mutum yana ba yayana abu kullum, a daidai lokacin da maƙogwaronsa yake lalacewa, kuma shi ne zai gaji layin in muryar ta tafi. Sannan ina ya samo zuma? Mutumin da yake kwana a zauren wani da mata da yara, wa ya ba shi kuɗin zuma a wannan tsadar? Na koma shago na yini ina taka keke ina warware ɗinki, don hankalina ba ya wurin.

Da na faɗa wa Yaya sai ya yi dariya, dariyar ta fito kamar iska na fita daga taya. Ya ce ni dai tun ina ƙarama na cika sa ido. Matarsa kuwa ta goyi bayana nan take, ta ce ita ma tuni abin yake damunta, ta rasa yadda za ta faɗa ne. Ni da ita ba mu cika shiri ba, amma a wannan makon mun zama kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Kafin in yi wani abu sai da na fara jan Yaya zuwa asibiti, don kada a ce ban yi abin da ya kamata ba. Likitan saurayi ne. Ya danna masa harshe, ya haska tocila, ya duba kunne da hanci, ya tattaɓa wuyansa, sannan ya yi ta tambayar yadda yake cin abinci da yadda yake barci. Ya ce cikin da yake yini babu komai sai goro da hayaƙi, tsami ne yake taruwa a cikinsa, in mutum ya cika shi da barkono ya kwanta sai tsamin ya hauro ya ƙone maƙogwaro. Ya ce damuwa tana ƙara wannan tsamin, tana kuma ɗaure naman wuya har mutum ya ji kamar an cusa masa abu. Ihu a kan maƙogwaron da ya riga ya ƙone kuwa, yana sa jijiyoyin murya su yi kanta irin ta tafin hannun manomi. Maganin farko, in ji shi, Yaya ya rufe bakinsa na wasu makonni, ya ci abinci da safe, ya bar goro da sigari. In ba ta dawo ba sai an je babban asibiti a birni, inda suke da abin leƙa can ciki.

Yaya ya tambaye shi, da 'yar muryar da ta rage masa, wa zai ciyar da gidansa a cikin makonnin nan. Likitan ya kalli takardar gabansa.

Muna fita Yaya ya ce bai yarda da yaron nan ba. Wai ya taɓa ganinsa yana gaisawa da shugaban tasha, shi kuwa shugaban tasha yana da ɗan ƙanensa da yake nema wa layi. Ka je ka kwanta a gida mako da makonni, ka dawo ka tarar da wani a jikin motarka, wannan ai ba magani ba ne, dabara ce. Ni ban yarda likitan yana da hannu a komai ba, amma maganarsa ma ba ta gama shiga kaina ba. Yunwa ai kowa yana jinta a garin nan. Damuwa kuwa, a nuna mini mutum ɗaya a Zuru da yake barci da ido biyu a rufe. Me ya sa duk 'yan kamashon tasha ba wanda muryarsa ta mutu sai yayana?

Saboda haka wata safiya na rufe shago na tafi tasha na zauna a kan bencin mai shayi ina jira. Mutumin ya zo da filas ɗinsa, ya tsiyaya, ya miƙa. Kafin hannun Yaya ya kai na tashi na tsaya a tsakaninsu.

Na ce, "Malam, sa bakinka tukuna."

Ya dube ni, ya dubi kofin. Ya ce, "Baiwar Allah, wanga magani na. Mu wurinmu ba a sa ma maganin wani baki, karyewa shikai."

Na ce mu kuma a wurinmu ba a ba mutum abin da ba a sa wa baki ba, kuma nan Zuru ne. Direbobi suka fara matsowa. Wani ya ce in yi haƙuri, wani ya ce ai gaskiya na faɗa. Yaya ya yi ƙoƙarin tsawata mini, jijiyoyin wuyansa suka tashi, amma babu abin da ya fito sai iska, kuma wannan ya ƙara ingiza ni. Mutumin ya daɗe yana kallon Yaya. Sannan ya ɗaga kofin ya sha rabi da zafinsa, ya goge bakin kofin da hannun rigarsa, ya ajiye shi a kan bayan mota ya koma wurin igiyoyinsa.

Ban tafi ba. Na zauna ina kallonsa in ga ko zai zagaya ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar. Bai zagaya ba sai da aka kira sallar azahar, ya ɗauki buta ya bi bayan masallaci kamar kowa, ni kuwa ba ni da ikon binsa can. Ko kuwa ya hango ni tun daga nesa a kan bencin ne ya san abin da zai zuba da wanda ba zai zuba ba? Duk wannan na juya shi a raina. Abu ɗaya dai tabbas ne, daga ranar bai sake kawo filas ba.

Muryar ba ta gyaru ba, sai ma ta ƙara lalacewa. Daga baya na lura cewa ruwan cittar nan shi kaɗai ne abu mai ɗumi da yake shiga cikin Yaya kafin yamma, amma wannan bai wanke mutumin a idona ba. Abin da ban zata ba shi ne yadda iskar ta juyo kaina. Matar Yaya, wadda muka yi shawarar tare, ita ce ta fara cewa na karya wa mijinta magani a gaban jama'a. Daga nan maganar ta yi tsawo. Aka tuna cewa duk Asabar Yaya yakan biyo ta shagona in zuba masa abin da na dafa. Aka tuna cewa mun taɓa sa-in-sa a kan 'yar gonar babanmu. Wata rana na miƙa wa ƙaramar 'yarsu ƙosai, yarinyar ta ɓoye hannunta a baya ta ce an hana su. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a shago ni kaɗai. Da na share hawaye kuma sai na fara tunanin ita matar tasa, wa ya san abin da take zubawa a miya, ita da danginta da suke yawan zirga-zirga wurin masu magani? Haka gida ya koma, kowa yana kallon hannun kowa.

Wani kawun matar Yaya ne ya kawo shawarar wanzami. Ya ce duk wannan ba komai ba ne illa beli, ɗan naman nan da yake reto a can ƙarshen ganɗa, ya yi tsawo yana taɓa maƙogwaro, a yanke shi a huta. Kuɗin aikin bai kai na motar zuwa birni ba, balle na asibitin can. Na ce ban yarda ba, aka ce ai ni ba na son ya warke ne. Don haka na yi shiru, amma na bi su, don ba zan bari a sa wa yayana wuƙa a baki ba na wurin ba.

Da sassafe muka je, a zauren wanzamin aka yi. Tsoho ne mai sanyin hannu, na ba shi wannan. Ya zaunar da Yaya a ƙasa yana fuskantar hasken ƙofa, ya danne masa harshe da wani ɗan itace, ya leƙa. Ya ce, "Ga shi nan kwance bisa maƙoshi, shi ka shaƙe shi." Ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ni ban ga inda ya wanke ta ba. Kafin in buɗe baki an gama. Ya nuna mana ɗan naman a kan itacen, Yaya yana ta tofar da jini a cikin kasko, idanunsa suna ruwa. Aka ce a ba shi kunun kanwa mai zafi. Da muka fito na tambayi kawun nan wa ya nuna masa wannan wanzamin, ya ce kowa ya san shi, ni kuwa amsar ba ta gamsar da ni ba.

Yaya ya sha wuya. Ko yawu ba ya iya haɗiyewa, zazzaɓi ya rufe shi, wuyansa ya kumbura har sai da mai kemis ya zo gida ya yi masa allurai. Ya yi makonni a kwance, ba magana, ba goro, ba sigari, sai kunu da safe da rana da yamma, wanda maƙwabta da 'yan zumuntar mata na cocinmu suke kawowa. Da ciwon ya lafa, wata rana ya buɗe baki ya kira 'yarsa, sai ga murya ta fito. Ba irin ta da ba ce, amma murya ce, ana jinta daga tsakar gida har waje. Matarsa ta yi guɗa, ta kama zakara ta kai wa wanzami, ta bi ta ƙofar shagona da shi don in gani. Ni na tuna abin da likita ya ce game da rufe baki da cin abinci da safe, amma wa zan gaya wa? Na ce masa dai ya ƙara hutawa. Ya ce hutun da ya yi ma buhun dawarsu ya kai ƙasa.

Ya koma tasha ana daf da Kirsimeti, lokacin da ko mai tsoron hanya yake daurewa ya je gida. Ya tarar da mutumin nan a jikin motar layinsa yana kira. Yana ganin Yaya ya ja da baya ya koma kan igiyoyinsa, ko musu bai yi ba, saurin da ya yi ma sai da ya ba ni tunani. Ranar kasuwa ce, tasha ta cika irin cikar da aka daɗe ba a gani ba. Yaya ya ga abin da ya rasa wata da watanni yana yawo a gabansa da ƙafa biyu, ya buɗe maƙogwaro tun safe bai saurara ba. Waɗanda suke wurin sun ce da la'asar yana tsakiyar faɗin Sakaba muryar ta tsinke, bai ƙarasa sunan garin ba. Tun daga ranar raɗa kawai yake yi, sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa.

Mun koma wurin likitan. Ya leƙa, ya ga inda aka yanke, ya girgiza kai bai yi mana faɗa ba. Ya ce yanzu dole sai birni, zai yiwu kantar ce ta yi ƙarfi, zai yiwu kuma wani abu ne da ya fi haka, ba zai iya faɗa ba sai an gani. Har yanzu muna kan shirin tafiyar. Mutumin nan shi yake kiran layin, Yaya ya koma ɗaura kaya, sun yi musanya ke nan. In mota ta tashi yakan raba abin da ya samu ya ba Yaya. Ni kuma ina cewa, mai zuciya fara me zai sa ya riƙa raba guminsa da wani? Na kuma san da bai raba ba da na ce kun gani ko. Muna gaisawa da shi, amma ido ɗaya nake ba shi.

Duk wannan abin da ake yi, mahaifiyarmu ba ta sani ba. Tana can ƙauyenmu a kan dutse ta wajen Sakaba, ta ƙi tashi duk da halin da ake ciki, ta ce a inda mijinta yake kwance za ta kwanta. Idanunta sun yi yana, inuwa kawai take gani. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, faston ƙauyen yakan riƙe hannunta zuwa kan wani falalen dutse inda waya take kamawa, ya kira mu. Da muryar Yaya ta fara lalacewa sai na riƙa karɓar wayar ni kaɗai, in ce ya fita, in ce yana tasha, in ce ya bar wayarsa a caji. Ba mu son tayar mata da hankali a kan abin da ba za ta iya yin komai a kai ba.

Abin da muka manta shi ne Mama ta san wannan hanyar fiye da mu. A wurinmu ba a faɗa wa tsoho mutuwa daga nesa. Sai a ce wane ya yi tafiya, in an matsa a ce jikinsa ne ya ɗan yi zafi, har sai an zo an zauna kusa da shi an riƙe shi. Ita da kanta ta sha yi wa wasu haka. To da ta matsa mini wata Lahadi na ce mata ai maƙogwaronsa ne yake ɗan ciwo, sai ta tambaye ni tun yaushe. Na ce an ɗan kwana biyu. Ta ce to, ta miƙa wa fasto wayar.

Lahadi ta gaba na je gidan Yaya na sa masa wayar a baki. Ya tattara duk ƙarfinsa ya gaishe ta da yarenmu. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye.

Ta ce, "Wannan ba ɗana ba ne. Wa kuka sa ya yi mini raɗa? Auta, ki ji tsoron Allah ki gaya mini ranar da kuka binne shi."

Na rantse, matarsa ta karɓa ta rantse, yara suka yi magana, duk a banza. Ta ce ai dole mu haɗa baki. Bayan 'yan kwanaki fasto ya aiko cewa tsohuwa ta daina cin abinci, ta zauna a bakin rumbu tana makoki ita kaɗai, ta kuma daina yi masa magana don ta ce da shi aka shirya.

Babu yadda za mu yi sai tafiya. Muka shiga motar layin Yaya, ni da shi. A hanya ba wanda ya yi hira, kowa idonsa yana kan daji, in an hango babura daga nesa sai ka ji numfashin mota ya tsaya. Muka sauka a bakin hanya muka hau dutsen da ƙafa.

Mun same ta a inda aka ce, ta rame kamar kara. Na yi gaisuwa ta gane ni, ta juyar da kai. Yaya ya durƙusa a gabanta ya kama hannayenta ya ɗora a kan fuskarsa. Ta fara janyewa, sannan ta tsaya. Ta shafa goshinsa, ta bi kunnuwansa, ta lalubi wani tabo a ƙeyarsa da ya samu yana yaro. Ta ce ya yi magana. Ya yi raɗa ya ce shi ne, Mama.

Ba ta yi kukan murna ba kamar yadda na zata. Ta sauke hannunta zuwa wuyansa ta riƙe, ta tambaye shi wa ya yi masa haka. Ya ce babu kowa, wahala ce. Ta ce wahala ba ta da hannu, mutum ne yake da hannu. Ta fara jero mutane, matarsa, dangin matarsa, wani ɗan'uwan babanmu da suka yi rigimar iyaka tun kafin a haife ni. Ta tambaye ni ina nake aka yi haka, da wata irin murya da ta sa na gane ni ma ban fita ba. Yaya yana ta girgiza kai a cikin hannunta.

Can sai muryarta ta sauka. Ta ce ita ba ta da zani mai tsada, ba ta da saniyar da za a yanka, abu ɗaya ta ajiye wa ranar da za a kai ta. Ta riga ta gaya wa duk matan ƙauyen cewa ɗanta ne zai ɗaga waƙa a bakin kabarinta, har na ƙauyen da ke ƙasan dutse su ji su san an binne uwar wani.

Ta ce, "To yanzu wa zai ɗaga mini?"

Yaya ya gyara durƙusonsa, ya ja numfashi, ya buɗe baki ya fara waƙar da ake yi a wurinmu in za a rufe mutum. Babu abin da ya fito sai iska da wani ɗan kurman sauti. Ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Na ji kamar in tashi in bar wurin.

Mama ba ta cire hannunta daga wuyansa ba. Ta ƙara matse yatsunta a kan maƙogwaron.

Ta ce, "Ci gaba. Ina jin ka a hannuna."

Ya ɗago kai ya sake ɗauka daga farko, ya yi ta har ƙarshe.